Ragon Alphonsus

'Ya'yana goma sha huɗu ne a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta, wato 1976. Goma sha ɗaya na marigayiya Lami, uku na Fatsuma wadda na aura bayan rasuwarta. Lokacin garin nan namu yana amsa sunan Abuja, ba a kai ga karɓe sunan an ba sabon birni an bar mu da Suleja ba. Ni tela ne, shagona a ƙofar gida. Bawa Tela ake ce da ni.

Wanda bai tara 'ya'ya ba yana zaton wahalar a ciyarwa take. Tuwo dai ana tuƙa shi ko ta halin ƙaƙa. Wahalar a sunaye take. In zan kira ɗaya sai na bi ta kan uku ko huɗu kafin in isa gare shi, har abin ya zame mini dabara: in na fara jero sunaye da faɗa, duk wanda ya tashi ya ruga tun ban zo kan nasa ba, shi ne mai laifin. Na taɓa haɗa ɗan maƙwabcina cikin nawa na kai su wurin wanzami aka yi musu ƙwal-kwabo. Yaron yana kuka yana cewa shi ba ɗan gidanmu ba ne, na ce duk haka kuke cewa ranar aski.

Amma akwai abu biyu da nake tinƙaho da su.

Na farko ƙusoshin shagona. Kowane azumi nakan sayi yadi bandir guda in ɗinka wa yaran kayan Ƙaramar Sallah, maza da mata iri ɗaya. Ranar Idi in muka jero sai ka ce garken zabi. Amfanin abin, in yaro ya ɓace cikin taro ba sai an tambaye shi gidan ubansa ba, a dubi yadin kawai a kawo shi shago. Kowane yaro kuma yana da ƙusarsa a bango. In na auna shi sai in yanki siririn ƙyalle daidai tsawon rigarsa in ɗaura a ƙusar, baɗi in ƙara wani. In ka ƙirga ƙyallayen ƙusar yaro, ka san Sallolin da ya yi a duniya. Nakan nuna wa masu kawo ɗinki in ce, "Ku dubi rajistata. Ta asibiti ma ba ta kama ƙafarta ba."

Na biyu ragon Alphonsus. Alphonsus mutumin ƙasar Ibo ne, mai sayar da kayan keke, yana haya a ɗakuna biyun da ke gefen zaurena shi da matarsa Adaobi. Da rikici ya tashi a 1966 suka gudu gida, ya bar mini makulli. Shekara uku da ɗoriya ba labari. Na riƙa buɗe ɗakunan ina sharewa ina korar gara, ban sa kowa a ciki ba. Wata biyu da gama yaƙin basasa sai ga su. Sun tafi da 'ya'ya uku, sun dawo da ɗaya, Chinelo. Shi kuwa ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Ranar na yanka masa rago, unguwa ta taru aka ci. Haka nake ba da labarin, haka shi ma yake bayarwa. Duk baƙon Ibo da ya sauka garin nan yana ɗari-ɗari, Alphonsus yakan jawo shi har shagona ya nuna ni, ya ce, "Ka ga wannan? Rago ya yanka mini. Ajiye kayanka, nan gida ne." Ni kuma in sunkuyar da kai ina taka keken ɗinki, wai ni mai kunya.

To, a farkon azumin shekarar aka ce a kai yara rajistar makaranta. Ni Lauratu zan kai, autar Lami. Yarinya ce 'yar mitsitsiya, ba ta da hayaniya, irin yaran da sai an gama rabon abu a ga suna tsaye a gefe. Na daɗe ina dukan yayyenta maza a kan allin ɗinkina da ke ɓacewa, ashe ita ke ɗauka tana kwaikwayon rubutun bokonsu a bangon bayan gida. Tun da ta ji maganar makarantar nan take wanke ƙafafunta kullum da safe ta zauna a zaure, ko yau ne.

Zan fita Fatsuma ta turo mini ɗanta na fari, Lukuman.

"Malam, tafi da shi ko Allah zai sa su karɓe shi in huta."

"Wannan ai shekarar da motoci suka koma hannun dama aka haife shi. Huɗu da 'yan watanni."

"Su ba su sani ba. Dubi tsawonsa kamar rake."

Muka tarar da layi a gindin mangwaro. Hedimasta Dogara, mutumin Maje, yana zaune a tebur da ƙaton littafi. Mun san juna, ni nake ɗinka masa wanduna. Da ya hango ni sai ya ajiye biro.

"Malam Bawa! Nawa ka kawo mana yau? Ko in ware maka aji guda ka cika da kanka?"

"Biyu ne kawai, ranka ya daɗe. Sauran suna hanya."

Tunda yawancin yara ba su da takardar haihuwa, gwajin guda ɗaya ne. Yaro ya ɗora hannun dama ta bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo, ya kai shekara shida. In bai taɓo ba, sai baɗi. Lukuman yana ihu ba ya so, amma hannunsa irin nawa ne, zaƙo-zaƙo, ya kuma karkace kai garin fisge-fisge, sai ga yatsa a kan kunne. Aka rubuta shi. Ya ƙara sautin kuka.

Lauratu ta matso da kanta. Ta ɗora hannu, ta miƙa, ta miƙa. Yatsan ya tsaya a gefen kai, saura kamar faɗin yatsa biyu. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, wai ko hakan zai taimaka.

"Sai baɗi, 'yata," in ji Dogara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta girmi wannan da ka rubuta nesa ba kusa ba."

"Duk uban da ke layin nan haka yake cewa. Amma ba komai." Ya jawo wata takarda da aka jera manyan abubuwan da suka faru da shekarunsu. "Me ya faru a shekarar da aka haife ta?"

Na buɗe baki. Wallahi da ya tambaye ni kowanne daga cikin sauran da na ba shi amsa. Wannan shekarar 'yancin kai, wancan shekarar da aka canja kuɗi. Na dubi Lauratu, na lalube cikin kaina, babu komai. Amma ni ba mutumin da zai yi shiru a gaban jama'a ba ne.

"Shekarar ƙidaya," na ce.

Ya bi takardar da yatsa. "Shekararta uku ke nan. Goye ka kawo ta?"

Layi ya kwashe da dariya.

"A'a, na tuna. Shekarar da aka fara yaƙi."

"Tara? Wannan ɗin? Malam Bawa, ba cinikin yadi muke yi ba, da za mu haɗu a tsakiya." Ya sassauta murya. "Yau Laraba. Juma'a da azahar nake rufe littafin nan. Ka kawo mini abin da ya faru, da wanda ya gani da idonsa. Amma ban da kai."

A hanyar gida Lukuman yana shessheƙa a kafaɗata, ita tana biye a baya. Sai da muka kusa gida ta yi magana.

"Baba, ba ka nan ne aka haife ni?"

"Ina nan mana! Wa ya ce miki ba na nan? Zo ki gani, ai duk a ajiye yake."

Na ja hannunta muka shiga shago. Abin da ya kamata in yi tun kafin mu fita ke nan. Na fara daga ƙusar babban ɗana, wanda nake kira Ɗanladi don ba na faɗin sunansa na yanka, ina taɓa kowace ƙusa ina kiran mai ita. Na zo kan ta Talatu, wadda Lauratu ke bi. Ta gaba sai na ga ƙyallaye huɗu gajeru, na Lukuman. Na koma farko na sake ƙirgawa. Goma sha uku. Na duba ƙasa ko ta faɗi, na shafa bango ko akwai rami. Bangon sumul yake.

Sai a lokacin na ga yadda abin yake faruwa kowace shekara. Daga babba nake fara yanka, kamar yadda ya dace. Kafin in sauko ƙasa bandir ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage ba ya isar ta, amma yana isar jariran Fatsuma. Ita kuma rigar Talatu ta bara kullum tana yi mata, in an ɗan rage. Sai in ce bana dai ta sa wannan, baɗi da ita zan fara. Ban taɓa ɗora mata ma'auni a kafaɗa ba. Da mai kuka ce da na tuna da ita, don a gidan yawa mai kuka ake fara sallama.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Ai ta Yaya Talatu tana da kyau."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na shiga neman shaida a cikin gida. Fatsuma ta ce ita dai ta same ta tana rarrafe, amma yarinyar ta daɗe tana rarrafe, don ba mai lokacin tsayar da ita. Ɗanladi, wanda yake tuƙin motar kaya zuwa Minna, ya ce shi ya tabbata shekarar da katangar bayan gida ta faɗi ce. Na ce katangar sau uku tana faɗuwa, wacce daga ciki? Ya ce wadda ta danne agwagwa. Talatu ta ce ƙarya ne, ita aka haifa shekarar agwagwa. Kafin a sha ruwa gidan ya rabu biyu, ana ta musun agwagwa, an manta da wadda ake magana a kanta.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune gaban keke na kasa ɗinka komai, sai ga Adaobi ta tsaya a ƙofar shago, hannu a ƙugu. Hausarta tana da kauri amma ba ta kwana-kwana.

"Baban Ɗanladi, ka san 'yarka tana lilo a reshen gwaiba tun safe da hannu ɗaya?"

"Wacce?"

"Ka ji ko? Wacce! Lauratu. Wai hannun ya ƙara tsawo kafin gobe. Na sauko da ita ta faɗa mini komai. Ashe kai ba ka san ranar da aka haifi Lauratu ba?"

"Maman Chinelo, yaran da yawa."

"Ranar da muka dawo, wane ne a ɗakin Lami?"

Na ɗago na dube ta.

"Ku maza kuna waje kuna rungumar juna. Ni cikin gida na shiga. Mata cike, Lami tana zaune da jaririya, an yi mata aski. Ta tambaye ni ina sauran yarana, na kasa magana. Ba ta sake tambaya ba. Sai ta ɗauki jaririyar ta ɗora mini a cinya, ta ce riƙe mini ita in ci abinci. Ba ta karɓe ta ba sai yamma." Ta goge ido da gefen zane. "Ragon suna ne, Baban Ɗanladi. Sunan Lauratu. Mijina ya sauko daga mota ya ga ana feɗe rago, ya ce don ni? Ka ce don wa kuma. Na rubuta ranar a bangon Baibul ɗina, tana nan."

Tana faɗa yana dawo mini, har da launin ragon, fari mai baƙin wuya. Na tuna liman ya raɗa suna da sassafe. Na tuna yadda maganar ta fito daga bakina ba shiri, don na ga mutum ya dawo ba shi da komai sai rigar jikinsa, yana kallon fuskokinmu yana neman ya gane ko ana son ganinsa. Ban yi nadamar faɗin ta ba. Amma na maimaita labarin sau ɗari, kowane maimaici yana ƙara daɗi, kuma babu jaririya a cikinsa. Lami, wadda za ta tsayar da ni ta ce Malam ji tsoron Allah, ta rasu bayan shekara guda. Maƙwabta kuwa sun ci ragunan suna a ƙofata har sun daina bambancewa. A haka na ɗauke wa yarinya ranarta na ba wani, har ni da na yi kyautar na manta daga ina na ɗauko.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Kai kana jin daɗi, shi yana jin daɗi."

To ga shaida ta samu, amma sai an faɗe ta a gindin mangwaro a gaban rabin gari. Shekara shida Alphonsus yana tsaye a kan ragon nan. Ba naman ne ya dame shi ba. Abin da yake nuna wa 'yan uwansa ke nan in suna shakkar zama cikinmu. Na yi tunanin in lallaɓa wurin Dogara a ɓoye, na san ba zai yarda ba, don a gaban jama'a na yi masa ƙarya biyu. Bayan la'asar na sa hula na nufi rumfar Alphonsus a bakin kasuwa.

Na same shi yana ɗaure wayoyin ƙafar keke. Na zauna a benci. Na tambayi kasuwa, na tambayi ruwan sama, na tambayi ciwon bayansa.

"Maigida," ya ce, "kai da azumi a baki ka taho har nan don bayana? Faɗi."

Na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa. Na ɗago sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci kuka yake. Ashe dariya ce ta hana shi numfashi.

"Chineke! Ya Allah! Maigida, kana nufin ka yarda?"

"Na yarda da me?"

"Na rubuto maka wasiƙa zan zo? Ni kaina ban san ranar da zan iso ba. Ka yi mafarki ne ka sayi rago, ka tara mutane, ka kira wanzami? Har da maroƙi yana kiran sunan jaririya! Ni Ibo ne, ba makaho ba."

"To me ya sa ka tambaya?"

Dariyar ta tsaya. Ya juya ƙafar keken a hankali. "In ji abin da za ka ce. Da ka ce na suna ne amma zauna ka ci, da na ci na gode. Sai ka ce don wa kuma. Wannan nake ba mutane labari, ba rago ba. Ni na ɗauka wasa muke yi mu biyu, kowa ya san nasa. Ashe abokin wasan nawa ya tafi da gaske."

"Shekara shida, Alphonsus."

"Kuma kana sunkuyar da kai in na yabe ka! Na ce kai, mutumin nan ya iya."

Ranar Juma'a da safe muka tafi mu huɗu, ni da Lauratu da Alphonsus da matarsa, ban da Lukuman da ya ɓuya a bayan randa. Adaobi ta rungumo Baibul ɗinta a cikin ɗankwali. Lauratu tana tsakiyarmu, hannun damanta ya yi tsami saboda lilo, ba ta ko iya ɗaga shi. Dogara ya buɗe bangon littafin ya karanta: watan Maris, 1970. Adaobi ta ba da labarin jaririyar. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Alphonsus.

"Tsaya. Ragon Alphonsus? Wanda nake jin labarinsa duk lokacin da na kawo wando?"

"Shi fa," in ji Alphonsus. "Aro na karɓa a wurin yarinyar nan. Yau na kawo mata abinta."

Mutanen layi suka yi ta dariya, wani tsoho yana cewa shi dama ya san da wata a ƙasa, don hanji kawai ya samu ranar. Na bar su suka more. Dogara ya ɗauki biro.

"Shida da rabi. Yaya sunanki, 'yata?"

"Lauratu Bawa," ta ce, da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi magana da shi ba.

Tunda ranar faɗin gaskiya ce, na ce ya duba takardarsa ya ga shekarar da motoci suka koma hannun dama, sannan ya duba sunan Lukuman. Ya duba, ya ja layi a kai, ya ce in gaishe da Fatsuma. Da labari ya isa gida Lukuman ya fito daga bayan randa yana tsalle. Fatsuma ba ta yi mini magana ba sai da aka sha ruwa.

Washegari na sauko da bandir ɗin Sallar bana, shuɗi mai ratsin fari, ban taɓa shi ba tukuna. Yaran suka taru a ƙofar shago kamar yadda suka saba, manya a gaba. Na ce su matsa. Na kira Lauratu, kuma sunanta na fara kira, ban bi ta kan kowa ba. Ta shigo tana waige.

"Baba, ta wa za a rage mini?"

"Ɗaga hannu."

"Wannan yana ciwo."

"To ɗaga ɗayan."

Na ɗora ma'auni daga kafaɗarta zuwa gwiwa. Na yanki ƙyallen, na nemo ƙusa, na matsar da ta Lukuman gaba, na kafa sabuwar a tsakaninsa da Talatu. Ƙyalle ɗaya tal a kanta, alhali shida ko bakwai ya kamata. Na so in ƙara wasu daga tsofaffin yadi don lissafi ya cika, na fasa. Na ga inda gyaran labari ya kai ni.

Shekarar daga ƙasa na fara yanka na yi sama. Bandir ya ƙare kafin in isa kan Ɗanladi. Ya zo daga Minna ana gobe Sallah, ƙato da gemunsa, yana tambayar ina tasa. Na ce ya sa ta bara, ai tana da kyau.